Baƙo a Jirgin Gyaɗa

Duk wanda ya tsaya a tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kauran Namoda ya juya fuskarsa arewa, zai ga inda ƙarfe ya ƙare. Daga nan babu sauran layin dogo, sai hanyar mota da ta nufi Shinkafi da wadda ta nufi Zurmi. A shekarar 1929 layin da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya iso nan bayan tafiyar kilomita fiye da 200, kuma nan ya tsaya. Har yau bai kai Sakkwato ba. Ni ban taɓa hawa jirgin Kaura ba. Abin da na sani game da shi daga littattafai na same shi, da kuma bakin kakata, wadda ta yi tafiya a cikinsa tana amarya, za a kai ta wurin mijinta mai fataucin goro a ƙasar Yarbawa. Littattafan suna maganar riba da buhuna, ita kuwa ciwon baya ta fi tunawa.

Ba domin amare aka shimfiɗa layin ba. Tun da jirgi ya isa Kano a 1911 Turawan mulki suka ga abin da gyaɗa za ta iya yi wa baitulmalinsu, sai suka shiga miƙa rassa zuwa duk inda ƙasa ke ba da amfanin da masana'antun Ingila ke so. Reshen Kaura na gyaɗa ne da auduga da fatu da shanu, kamar yadda reshen Nguru da aka gama a 1930 yake. Ko faɗin layin ma tattali ne ya yanke shi: ƙafa uku da rabi tsakanin ƙarfe da ƙarfe, domin siririn layi ya fi arha, yana kuma iya zagaye tudu maimakon a fasa shi. Kowace kwana da injiniya ya yi don ya rage kuɗi, fasinja ne ya biya ta da jinkiri da girgiza shekara da shekaru. Talakawa sun ma fara biya tun kafin a sayar da tikitin farko, don da yawa daga leburorin da suka haƙa layukan Arewa ta hannun sarakuna da hakimai aka tattaro su, ba da son ransu ba. Shi ya sa sunan abin haƙan, wato diga, ya manne wa hanyar jirgin kanta a bakin Hausawa.

Wahalar tafiya tana somawa ne kafin a ga hayaƙi. Mutumin Shinkafi ko Zurmi sai ya taso a ƙafa ko a kan jaki, daga baya a bayan babbar mota, ya kwana a Kaura yana jira, don ba a cika sanin sa'ar da jirgi zai tashi ba. In ya samu tikitin aji na uku, wanda shi ne na talaka, benci ne na katako zai tarar, wani lokaci ma ba zai tarar ba, sai ya zauna a kan ƙunshin kayansa tsakanin kwandunan kaji da buhunan hatsi. Injin na wancan zamani da kwal ɗin Inugu yake aiki. In an buɗe taga, hayaƙi da tartsatsi su cika ido, su ɓata farar riga. In an rufe, zafin bazara ya mayar da taragon tanda. Da hunturu kuwa ƙura ce da sanyin asuba mai shiga ƙashi.

Kakata ta ce duk wannan mai sauƙi ne a kan tsayuwa. Layin guda ɗaya ne tal, saboda haka in jirage biyu za su haɗu dole ɗaya ya raɓe a wata ƙaramar tasha har ɗayan ya wuce. Injin kuma yana shan ruwa kamar raƙumi, sai an tsaya an ɗura masa. Ana iya share sa'o'i a dokar daji ba wanda zai zo ya faɗa wa fasinja dalili, kuma ba mai iya yin nisa don kada jirgi ya tashi ya bar shi. Ga mace abin ya fi tsanani. Yarinyar da ta tashi a cikin gida, ba ta saba cin abinci a gaban baƙin maza ba, balle ta ratsa su zuwa makewayi guda da tarago duka ke amfani da shi. Ta gaya mini cewa daga Kaura har Zariya ba ta sha ruwa ba, da gangan, don kada buƙata ta tashe ta. Maza kuma nasu lissafin na salla ne: ruwan buta ya isa alwala ko a yi taimama, ina alƙibla take bayan jirgi ya sha kwana, ko za a iya idar da raka'a biyu ta ƙasaru a bakin layi kafin a busa usur.

Zariya ba ƙarshen tafiya ba ce ga mai zuwa kudu. A nan ake sauka a jira babban jirgin da ya taso daga Kano, wanda yakan iso a cike. Daga nan akwai sauran kusan kilomita 1,000 zuwa Ikko, ta Kaduna da Minna da gadar Jebba da Ilori da Badun. 'Yan cirani da fataken goro sun san wannan hanya kamar tafin hannunsu, sun san inda ake sayen rogo da inda ake ɗaure aljihu saboda masu yankansa.

Duk da haka zai zama rashin adalci ga tarihi a ce mutanen sun ƙi jirgin. Kakannin waɗannan fatake watanni suke yi da ayarin jakuna kafin su kai Gwanja su komo da goro, ga kuɗin fito, ga 'yan fashi. Wanda ya san wannan ba zai raina bencin katako na kwana biyu ko uku ba. Garin da Namoda ya kafa a zamanin jihadi ya zama matattarar 'yan kasuwa, kamfanonin sayen gyaɗa suka buɗe rumfuna, Yarbawa da Ibo ma'aikatan reluwe suka zauna da iyalansu. Abin da nake ja a kai shi ne a riƙa kiran wancan lokaci zamanin jin daɗi, kamar yadda wasu dattawanmu ke yi. Sauƙi ne aka samu a kan abin da ya gabata, amma fasinja bai taɓa zama mai gida a jirgin ba.

Hujjar wannan ta fito fili lokacin da mai gidan ya tafi. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, sun rushe dalar gyaɗa, ga kuɗin man fetur ya karkatar da hankalin gwamnati zuwa kwalta da manyan motoci. An ɗauko ƙwararru daga Indiya a 1979 su gyara harkar jiragen ƙasar, suka yi 'yan shekaru suka koma. Mutanen Kaura da Shinkafi da Zurmi ba su ragu ba, ƙaruwa ma suka yi, buƙatarsu ta tafiya ba ta ragu ba, amma da buhu ya daina zuwa tasha sai jirgin ya yi ta ja da baya har ciyawa ta rufe ƙarfe. Sabon layin da aka aza harsashinsa a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya zai bi, ba ta nan ba.

Yau mai zuwa kasuwar Alhamis ta Shinkafi yana zaune a kujera mai laushi fiye da bencin kakata, amma kafin ya shiga mota sai ya tambayi direbobin da suka iso ko hanya lafiya, sai ya bar sallahu a gida. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 ya nuna cewa tarago ma ba mafaka ba ne, don haka ban ce dawo da jirgi zai kawo tsaro ba. Na dai tambayi kakata, ganin irin baƙar wuyar da ta ba ni labari, ko za ta sake hawansa in ya dawo. Ta ce ko gobe, domin a duk tsawon waccan tafiya abin da ta ji tsoro bai wuce a sace mata akwatin lefe ba.