Tafiyar Doki: Daga Bagadaza Zuwa Katsina

Wasan da yaranmu ke bugawa a waya suna kiransa ces, malamanmu na zaure sun daɗe da saninsa da sunan shaɗaranji. Kafin ya zo mana ta hannun Turawa, sunansa ya riga ya iso Katsina a cikin littattafan Larabci, a kan raƙuman fatake da cikin gafakar alhazai. Abin da bai iso da ƙarfi ba shi ne al'adar zama a yi nazarinsa kamar yadda ake nazarin nahawu, kuma a nan ne aka yi mana nisa.

A Indiya wasan ya fara, wajen ƙarni na 6, ya bi ta Farisa ya faɗa hannun Larabawa. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa ne aka mayar da shi ilimi. Wajen shekarar 840 wani gwani mai suna al-Adli ya rubuta littafi a kansa, ya raba 'yan wasa aji-aji, na ƙololuwa ana ce musu aliyat. Bayansa aka yi as-Suli, marubuci kuma abokin hirar halifofi, wanda ya rasu wajen 946, da almajirinsa al-Lajlaj. Shaɗaranjin wancan lokaci yana da nawa. Wazirin da ke gefen sarki taku ɗaya kawai yake yi a karkace, sojojin gaba kuma ba sa tsallake gida biyu a fitarsu ta farko. Saboda haka gwanaye suka tsara yadda za a jera runduna kafin a gwabza, suka kira tsarin ta'abiya, kowace da sunanta: akwai Mujannah, akwai Sayyal. Suka kuma tara matsalolin ƙarshen wasa, wato mansuba, domin almajiri ya zauna shi kaɗai ya yi ta warwarewa. Duk abin da kociyoyin yau ke cewa a yi, wato a san buɗewa, a san ƙarshen wasa, a bi sawun manya, mutanen nan sun yi shi shekara dubu da suka wuce.

As-Suli ya bar wata mansuba guda, sarki da waziri a kowane ɓangare, ya bugi ƙirji cewa ba mai warware ta sai wanda shi ya nuna wa. Ta zauna kusan shekara dubu, sai a shekarun 1980 gwanin Rasha Yuri Averbakh ya gano bakin zarenta. Muna iya cewa as-Suli ya cika baki, amma dai ya rubuta. Da a ka ya riƙe, da an binne ta tare da shi.

To ina Katsina a cikin wannan labari? Tana wurin da ba a zata ba, wato lissafi. Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi ya tashi a ƙasar Katsina, garin da ya riga ya yi su Ɗan Marina da Ɗan Masani. Ya tafi aikin Hajji, ya zauna a Alƙahira, inda ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin sanannen marubucin tarihin Masar. Wajen 1732 ya rubuta littafi kan wafaƙi, abin da muke kira hatimi: gidajen lambobi da in ka tara kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla ɗaya za ka samu. Masana wannan fanni a ƙasashen Larabawa sukan ari kalmomin shaɗaranji don bayyana yadda ake cika gidajen, musamman tafiyar doki.

Mai karatu zai iya gwadawa yanzu da biro da takarda. Zana gida 25, biyar sau biyar. Rubuta 1 a duk gidan da ka so. Daga nan yi tafiyar doki: gida biyu sama, ɗaya dama, ka rubuta 2. In ka fita ta sama, shigo ta ƙasa. In ka fita ta dama, shigo ta hagu. Bayan kowace lamba biyar za ka tarar gidan da za ka sauka a cike yake, sai ka rubuta lamba ta gaba a gidan da ke ƙarƙashin wanda ka tsaya. In ka kai 25, tara kowane layi, 65 za ka samu. Wanda ya iya riƙe wannan tsalle a kansa har sau ashirin bai ɓata ba, ya riga ya mallaki rabin abin da ɗan ces ke buƙata.

Gabas da mu ma wasan ya sauka. A Barno ana buga wani nau'insa da ake kira tsatsarandi, wanda jami'in mulkin mallaka C. K. Meek ya yi rubutu a kansa a 1934. Barebari sun sa wa 'ya'yan wasan rigar gida: sarki ya zama Mai, na gefensa Ciroma, na kusurwa kuma Kaigama. Amma ko a lokacin ya fara ja da baya. Ɗaya daga cikin dalilan da wasan bai yi jijiya a wajenmu ba yana cikin karatunmu. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane ɗalibin fiƙihu a Katsina ya bi ta kanta, ta hana wasa da shaɗaranji, kuma an san Imam Malik bai so shi ba, alhali Shafi'awa sun sassauta in babu caca kuma bai hana salla ba. Ba fatawa muka zo bayarwa ba. Abin lura shi ne, waɗanda suka iya alƙalami a ƙasarmu su ne waɗanda littafinsu ya ce su nisanci allon.

Sai muka riƙe tamu, dara. Rami 30, biyar sau shida, a haƙa a ƙasa ƙarƙashin inuwar dalbejiya. Wannan da tsakuwa 12, wancan da tsinke 12. Kashin farko zubi ne, kowa na ajiye 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda ka jera uku a lokacin ba. Sai an gama zubi a fara tafiya taku ɗaya-ɗaya, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin wasansa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan tsofaffin 'yan dara ya san tun a zubi ake cin wasa. Wannan ita ce ta'abiyarmu. Gwani yakan shirya tarkon da zai riƙa buɗewa yana rufewa, kowane komowa da ci, har wancan ya watse. Dabarun nan suna da zurfi, har wasan ya ba harshenmu karin magana, mukan ce dara ta ci gida. Amma gwanin unguwa in ya kwanta dama, zubinsa ya bi shi, sai ɗan abin da masu kallo suka tsinta.

A Turai akasin haka aka yi. Wajen 1475 a Sifaniya aka sauya dokoki, wazirin nan mai rarrafe ya zama sarauniya mai ratsa allo daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Wasa ya yi sauri, kuskure ɗaya a farkon wasa ya isa ya kashe mutum, don haka nazarin buɗewa ya zama dole. Lucena ya buga littafinsa a 1497, Ruy López ya biyo a 1561, kuma har gobe ana buɗe wasa da tsarin da ke ɗauke da sunansa. Philidor na Faransa a 1749 ya nuna cewa ƙananan sojojin da ake rainawa su ne ƙashin bayan wasa. Steinitz, zakaran duniya na farko a 1886, ya koyar da tara ƙananan riba maimakon afkawa da ka. Aka kafa hukumar duniya, FIDE, a Faris a 1924.

Wanda ya fi dacewa mu tsaya a kansa shi ne Mikhail Botvinnik na Tarayyar Sobiyat, zakara daga 1948. Injiniyan lantarki ne, kuma haka ya ɗauki wasan. Yakan zaɓi 'yan buɗewa kaɗan ya san su ciki da bai, ya yi nazarin wasannin wanda zai kara da shi tun kafin a haɗu, ya kula da lafiyar jikinsa. Abin da ya fi nacewa a kai shi ne mutum ya zauna da wasannin da ya buga, ya tono inda ya kauce, ya wallafa nazarin don wasu su yi masa gyara. Abu ne mai ɗaci, domin ba wanda ke son sake kallon inda aka ka da shi. Karpov da Kasparov da Kramnik duk sun bi ta makarantarsa, dukkansu kuma sun zama zakarun duniya. Ko da kwamfutar Deep Blue ta doke Kasparov a 1997, hanyar ba ta mutu ba, sai dai injin ya zama mai duba aikin almajiri.

A Najeriya an kafa hukumar wasan a 1975, kuma ƙarfinta ya fi yawa a kudu. Odion Aikhoje ya ciyo lambar zinare a allo na biyu a gasar ƙasashen duniya ta Elista a 1998. Tunde Onakoya ya fara koya wa yaran unguwannin talakawa na Legas a 2018, kuma a Afrilun 2024 ya zauna a dandalin Times Square na New York ya yi awa 60 yana bugawa. Zambiya ta samu babban gwani, Amon Simutowe, Masar na da Bassem Amin, amma har ƙarshen 2024 Najeriya ba ta da ko ɗaya mai wannan matsayi.

Yaron da ke zaune yau a Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa da waya a hannu yana da abin da as-Suli bai taɓa mafarki ba. Manhajar Lichess kyauta ce, tana ajiye kowane wasa da ya buga, tana nuna masa takun da ya ɓata, tana buɗe masa wasannin manya. Da yawa daga cikinmu kuwa wasan minti uku muke bugawa, a ci mu, mu danna sabo, har caji ya ƙare. Rubuta taku ba wuya: layukan tsaye haruffa ne daga a zuwa h, na kwance lambobi daga 1 zuwa 8. Irin wannan tsari zai hau kan ramukan dara ba tare da an sauya komai ba, haruffa shida da lambobi biyar, kuma tsofaffin da suka san zubi suna nan da ransu a bakin kasuwa bayan la'asar.