Daga Taki zuwa Leda: Tarihin Kuɗin Shara da 'Yan Kasuwar Bakin Matan Fada

A cikin wannan maƙala za mu yi ƙoƙarin duba wata tambaya da ta shafi wuraren da Allah ya ƙawata, waɗanda baƙi ke zuwa kallo: shin mai tsire da mai fura da ɗan tireda za su yarda su biya kuɗin kwashe shara? Mun ɗauki kogin Matan Fada na Argungu ya zama misalinmu.

Bikin kamun kifi na Argungu ya samo siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, abin da ya tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi. Tun daga nan taron ya yi ta bunƙasa, har Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ko'ina jama'a ta taru kuwa, kasuwa takan ci, shara kuma takan biyo baya.

A zamanin da, shara ba ta zama kaya ga ɗan kasuwa ba. Ganye ne abin ƙunshi, ƙwarya ce mazubi, duk kuma masu ruɓewa ne. A ƙasar Kano ma, alal misali, manoma kan yi jigilar juji da jakuna zuwa gona, domin taki ne. Wato shara tana da mai nemanta. Haka kuma Sarkin Kasuwa da Sarkin Pawa, waɗanda ke karɓar abin da aka yanka wa 'yan kasuwa, mutane ne da ake gani kullum, ana iya tunkararsu.

Abubuwa biyu suka sauya wannan tsari. Na farko, kuɗin kasuwa ya koma baitulmalin En'e, sannan ya koma hannun ƙananan hukumomi bayan gyaran 1976, sai tazara ta shiga tsakanin mai biya da mai shara. Duba-gari na zamanin Turawa da ranar tsabtar muhalli da gwamnatin soja ta ƙarfafa a 1985 sun dogara ne ga tara da tsoro. Na biyu, leda ta maye gurbin ganye, ruwan leda kuma ya bazu a shekarun 1990. Leda ba ta ruɓewa, manomi ba ya sonta, iska kuwa cikin kogi take kai ta.

Bisa ga wannan, ra'ayinmu shi ne ba rowa ke hana ɗan kasuwa biya ba. Ya san idan ruwa ya ƙazantu, kifi ya ragu, baƙo ba zai dawo ba, ciniki kuma ya mutu. Abin da yake tambaya shi ne: wa zai riƙe kuɗin, kuma yaushe zai ga tsintsiya? Saboda haka muna ba da shawara a danƙa karɓar kuɗin ga shugabannin sana'o'i tare da Sarkin Ruwa, a yanka wa kowa daidai ƙarfin jarinsa, a kuma karanta lissafi a bainar jama'a kafin taro ya watse.