Sunan Aleksandaros: Ma'anarsa da Waɗanda Suka Amsa Shi a Zamanin Da

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa sunan Aleksandaros ya girmi mutumin da ake jingina masa shi da kimanin shekara dubu, watau Iskandar Mai Girma, sarkin Makidoniya, wanda ya rayu daga shekara ta 356 zuwa ta 323 kafin Miladiyya.

Da farko bari mu dubi ginin sunan. Girkawan da sun saba harhaɗa kalmomi biyu su tayar da suna. A nan an haɗa aikatau "aleksein", ma'ana karewa ko tunkuɗe cuta, da "andros", wanda ya fito daga "aner", watau namiji. Saboda haka ana fassara shi da "mai kare mazaje". Wasu masana kuwa sun ce yana iya nufin "mai tunkuɗe mazaje", domin a fagen fama wanda ya tsare nasa shi ne ya kori na wani.

Shaida mafi tsufa ba daga ƙasar Girka ta fito ba. A cikin allunan yumɓu na Hittiyawa da aka tono a Hattusa, a ƙasar Turkiyya ta yau, akwai yarjejeniyar da sarki Muwatalli na Biyu ya ƙulla, wajen shekara ta 1280 kafin Miladiyya, da wani Alaksandu mai sarautar Wilusa. Tun a 1924 Paul Kretschmer ya ce Alaksandu ɗin nan Aleksandaros ne aka rubuta da bakin Hittiyawa, kuma masana da dama suna ganin Wilusa ita ce Iliyos, watau Taroya. Abin lura a nan shi ne, a waƙar Iliyad ta Homa, Faris ɗan sarkin Taroya ana kiransa Aleksandaros. Wannan bai tabbatar da cewa mutum ɗaya ba ne, kuma a ganina garaje ne a ce haka. Abin da ya tabbata shi ne sunan yana yawo a wannan gaɓar teku tun lokacin. Har ila yau, bayan Michael Ventris ya warware rubutun Linear B a 1952, an karanta siffar mace ta sunan, a-re-ka-sa-da-ra, a wani allo na Maikene. Rubutun nan ba ya bambanta "l" da "r".

A gidan sarautar Makidoniya sunan gado ne. Aleksandaros na Ɗaya ya yi mulki tun wajen 498 zuwa 454, kuma Herodotus ya ruwaito cewa sai da ya kawo hujjar asalinsa daga Argos kafin aka bar shi ya shiga tseren Olimfiya. Na Biyu bai daɗe a kan gado ba aka kashe shi. Na Uku shi ne Iskandar ɗan Filibus. Ɗansa, na Huɗu, Kasanda ya sa aka halaka shi yana yaro. Suna dai linzami ne, in ji Hausawa, amma bai ja Aleksandaros na Ferai ba, azzalumin Tasaliya wanda Fulutak ya ce yana binne mutane da rai, har 'yan'uwan matarsa suka kashe shi.

Da sunan ya shiga Larabci ya zama al-Iskandar, sai aka ɗauki "al" ta farkonsa tamkar harafin ta'arifi, aka yar da ita. Ta wannan hanya muka san Iskandariya ta Masar, birnin da ya kafa a 331. Wasu malaman tafsiri sun ce shi ne Zulƙarnaini na Suratul Kahfi, wasu kuwa sun ƙi, bisa hujjar cewa Iskandar mai bautar gumaka ne. Alƙur'ani bai ambaci sunan Iskandar ba. Ƙahonin da ake gani a kansa a jikin kuɗin da Lisimakus ya buga bayan rasuwarsa na ragon gunki Amon ne, wanda Iskandar ya ziyarci ɗakin bautarsa a Siwa.