Mayogulobin

Mayogulobin wani furotin ne da ake samu a cikin tsokar mutum da ta dabbobi, musamman tsokar zuciya da tsokar da ke motsa ƙasusuwa. Aikinsa shi ne riƙe iskar oksijin a cikin tsoka, ya sake ta a lokacin da tsokar ke aiki. Shi ne ke ba nama launinsa ja.

Tsari

Mayogulobin sarƙa ce guda ɗaya mai ɗauke da sinadaran amino asid 153. A tsakiyarsa akwai wani sashe da ake kira him, mai ƙwayar ƙarfe guda, kuma a nan oksijin ke maƙalewa. Ɗan'uwan hemogulobin ne na cikin jini, sai dai hemogulobin sarƙa huɗu gare shi, kuma jigilar oksijin yake yi daga huhu zuwa sassan jiki. Dabbobin teku masu daɗewa a nitse, kamar wel, suna da shi da yawa, har namansu kan yi duhu sosai.

Launin nama

Launin naman da mahauta ke sayarwa a kasuwannin Tambuwal da Kebbe, a kudancin jihar Sakkwato, ya danganta da halin da wannan furotin ke ciki. Idan an yanki tsoka, cikinta ja ne mai duhu. Da ta sha iska sai ta yi ja wur. Idan ta jima a kan tebur, ƙarfen da ke ciki ya sauya, sai ta koma ruwan ƙasa. Wannan kaɗai ba ya nufin naman ya lalace. Naman tsohon sa ya fi na maraƙi duhu, haka cinyar kaza ta fi ƙirjinta, domin tsokar da ta fi aiki ta fi tara mayogulobin. Jan ruwan da ke tsatsowa daga nama bayan an yanka dabba jininta ya tsiyaye, yawancinsa ruwa ne haɗe da mayogulobin, ba jini ba.

Bincike

Shi ne furotin na farko da aka gano cikakkiyar siffarsa. John Kendrew da abokan aikinsa a Kambirij, Ingila, suka yi hakan a 1958 ta hanyar haska masa hasken eksire, da mayogulobin ɗin da aka ciro daga wel. A 1962 Kendrew ya samu kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai tare da Max Perutz. Saboda ƙanƙantarsa da sauƙin samunsa, har yanzu ana amfani da mayogulobin na doki a ɗakunan gwaje-gwaje wajen daidaita na'urorin auna nauyin furotin. A 1998 an samar da ɓeraye marasa mayogulobin, kuma suka rayu.

A asibiti

Idan tsoka ta ji mummunan rauni, kamar a haɗarin mota, rushewar gini ko duka mai tsanani, mayogulobin kan malala cikin jini. Fitsari sai ya koma kalar baƙin shayi, kuma ƙoda na iya daina aiki idan ba a yi gaggawar ƙarin ruwa ba. Yana kuma ƙaruwa a jini sa'o'i kaɗan bayan bugun zuciya, amma likitoci sun fi dogara da gwajin toroponin, domin raunin kowace tsoka ma na ɗaga mayogulobin.