Makbes da Kaftin Bule: yadda ake karanta wasan ban tausayi

A lokacin sanyin bara ina koyar da karatun manya a wani ƙauye na ƙasar Illela. Ƙanena da ke karatun Ingilishi ya zo hutu da wani ɗan littafin wasan kwaikwayo mai suna Makbes, ya karanta mani, ni kuma na riƙa ba ɗalibaina labarin bayan darasi, har dare uku. Da na kai ƙarshe, sai wani dattijo da ke koyon haɗa baƙi ya ce: "Malam, ai wannan mutum ba baƙonmu ba ne. Kakata ta ba ni labarinsa. Shi ne Nasaran da ya ƙone Ƙonni." Maganar dattijon nan ce ta sa na rubuta wannan bayani, domin ɗalibai da malamai masu son sanin yadda ake nazarin irin wannan wasa.

Mene ne wasan ban tausayi?

Wasannin da muka saba ji a rediyo, irin na su Yazi Dogo, yawancinsu na ban dariya ne: a kwaikwayi mai mugun hali, a yi masa dariya, a ɗauki darasi. Wasan ban tausayi daban yake. Yakan ɗauko mutum mai girma da daraja, ya nuna yadda wani hali nasa ya ja shi a hankali har ya hallaka, ya kuma hallaka waɗansu tare da shi. Mai kallo yana ganin ramin tun daga nesa, amma ba shi da ikon ya tsai da mai tafiya.

Wanda ya rubuta Makbes wani mutumin Ingila ne, William Shakespeare, wanda aka haifa a 1564, ya rasu a 1616. Ya rubuta wasan wajen 1606, aka buga shi a littafi a 1623. An raba shi kashi 5, kowane kashi da fitowa-fitowarsa.

Labarin a taƙaice

Makbes jarumi ne, kuma ɗan'uwan Dankan, sarkin ƙasar Sikotilan. Yana dawowa daga yaƙin da ya ci tare da abokinsa Banko, sai suka gamu da matsafa mata uku. Suka ce wa Makbes zai sami sarautar Kawdo, daga baya ya zama sarki. Suka ce wa Banko shi ba zai yi sarauta ba, amma zuriyarsa za ta yi. Ba a jima ba sai ga manzanni da albishir cewa sarki ya ba Makbes sarautar Kawdo.

Sarki ya zo kwana gidan Makbes. Da dare Makbes ya kashe shi, matarsa ta shafa wa dogarawan sarki jini don a ce su ne. Ɗiyan sarki suka gudu, aka naɗa Makbes. Daga nan bai sake samun kwanciyar rai ba. Ya sa aka kashe Banko. Ya sa aka kashe mata da ɗiyan wani hakimi mai suna Makdaf. Matarsa ta zautu, ta mutu. A ƙarshe Malkom ɗan Dankan ya zo da runduna daga Ingila, Makdaf ya sare kan Makbes.

Tambayoyi uku ga kowane ɗan wasa

In za ka yi nazarin ɗan wasa, kada ka tsaya ga cewa wane mugu ne, wane nagari ne. Yi masa tambaya uku: me yake so, me ya sani, me ya zaɓa?

Makbes yana son sarauta. Ya kuma san abin da zai yi haramun ne. A ƙarshen kashi na 1 ya tsaya shi kaɗai yana lissafa dalilan da suka hana: sarki ɗan'uwansa ne, ubangidansa ne, baƙonsa ne, kuma adali ne. Har ya ce wa matarsa ya fasa. Duk da haka ya ɗauki wuƙa. A nan ne zuciyar wasan take. Matsafa sun ce zai zama sarki, amma ba su ce ya kashe kowa ba.

Uwargidan Makbes ita ce mai zuga. Da mijin ya ja da baya, sai ta gora masa, ta ce ba namiji ba ne. Ta ɗauka ɗan ruwa kaɗan zai wanke al'amarin. Amma a kashi na 5 mun gan ta tana yawo cikin barci da fitila, tana ta murza hannu tana son ta fid da jinin da ba mai ganinsa sai ita. Ku lura, miji da mata sun yi musanyar hali: shi ya fara da tsoro ya ƙare da ƙeƙasasshiyar zuciya, ita ta fara da ƙeƙasasshiyar zuciya ta ƙare da firgita.

Banko kuwa ma'auni ne. Shi ma ya ji maganar matsafa da kunnensa, shi ma an yi masa albishir, amma bai taɓa kowa ba. Marubucin ya ajiye shi kusa da Makbes don mu gane cewa akwai wata hanya, Makbes ne ya ƙi binta.

Dabarun wasan

Dabara ta farko ita ce maganar zuci. Ɗan wasa ya rage shi kaɗai a dandali, ya faɗi abin da ke ransa. Da ita muke sanin Makbes fiye da yadda matarsa ta san shi.

Ta biyu, a bar mai kallo ya san abin da ɗan wasa bai sani ba. Dankan ya iso ƙofar gidan da za a kashe shi, yana ta yabon daɗin iskar wurin. Mu da muka ji shirin da aka ƙulla, sai gabanmu ya faɗi.

Ta uku, magana mai baki biyu. Matsafa sun ce wa Makbes ba wanda mace ta haifa da zai iya cutarsa, kuma ba za a ci shi da yaƙi ba sai dajin Barnam ya taso ya zo gidansa. Ya saki jiki. Ashe sojojin Malkom za su sare rassan dajin su ɓuya a bayansu suna tahowa, Makdaf kuwa farke cikin uwarsa aka yi aka fid da shi. Mai kwaɗayi abin da yake so kaɗai yake ji.

Wasa daban, tarihi daban

An yi sarki Makbes na gaskiya. Ya mulki Sikotilan shekara 17, daga 1040 zuwa 1057. Dankan na tarihi ba tsoho ba ne, kuma a fagen yaƙi ya mutu, ba a kan gado ba. A 1050 Makbes har ziyara ya kai birnin Rum, ya raba sadaka. Shakespeare ya ɗauko labarin daga littafin tarihi na Holinshed, bugun 1587, kuma a cikin littafin Banko yana cikin waɗanda suka taya Makbes kisan. Me ya sa aka wanke shi a wasa? Saboda Sarki James, wanda ya hau gadon Ingila a 1603, yana lissafa kansa cikin zuriyar Banko, kuma shi ne ubangidan ƙungiyar wasan Shakespeare. Mun san maroƙi ba ya zagin kakan sarki a ƙofar fada. Don haka ɗalibi ya riƙa tambaya: wa ya rubuta, a gaban wa aka yi wasan?

Abin da ya faru a ƙasarmu a 1899

Yanzu mu koma ga maganar dattijo. Kaftin Paul Voulet, wanda ake faɗin sunansa Bule, sojan Faransa ne da ya yi suna saboda cin Wagadugu a 1896. Gwamnatinsa ta ba shi runduna, shi da Kaftin Julien Chanoine, su ratsa daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi. A Janairu 1899 suka kama hanya, duk inda suka bi sai ƙwace da kisa da wuta. Ran 16 ga Afrilu suka gwabza da mutanen Sarauniya a Lugu. A watan Mayu suka faɗa wa Birnin Ƙonni, suka ƙone shi, suka kashe jama'a masu yawan gaske.

Wani hafsa mai suna Péteau, wanda ya rabu da rundunar, ya rubuta wasiƙa ya faɗi abin da ya gani, labari ya kai Faris. Aka taso Kanar Klobb daga Tumbutu ya bi sawunsu ya karɓe rundunar. Ya yi ta bin kangon garuruwa har ya cim musu a Ɗankori, ƙasar Tasawa. Ran 14 ga Yuli Bule ya sa aka harbe shi. Sa'an nan ya shaida wa mutanensa cewa shi ya bar zama Bafaranshe, zai kafa daular kansa. Daular ba ta yi kwana huɗu ba. Sojojinsa baƙaƙe suka juya masa baya, suka kashe Chanoine ran 16, suka kashe shi ran 17. A Maijirgi aka binne su.

Dattijo ya yi gaskiya, kamar tana da yawa: jarumin da aka yaba, ya kashe na gaba da shi, ya naɗa kansa, mutanensa suka gudu daga gare shi. Akwai kuma wata kama da ta fi wannan. Bayan abin ya faru, a Faransa an yi ta cewa zafin ranar ƙasarmu ne ya taɓa hankalin hafsoshin nan. Wannan daidai yake da ɗalibin da zai ce laifin matsafa ne. Matsafa ba su miƙa wa Makbes wuƙa ba, rana kuma ba ta cinna wa Ƙonni wuta ba. Mutane ne suka san abin da suke yi, suka zaɓa.

Inda suka bambanta

A wasa, da Makbes ya mutu sai ɗan sarki ya koma gadon ubansa, ƙasa ta huta. A ƙasarmu ba haka aka yi ba. Sauran hafsoshin suka ci gaba da rundunar, suka ci Damagaram a ƙarshen Yuli 1899, mulkin mallaka ya zauna har 1960.

Bambanci na biyu shi ne wanda aka ba baki. Wasan ya ba Makbes dogayen jawabai har muka ji tausayinsa. Matar Makdaf da ɗanta kuwa fitowa ɗaya tak aka ba su, a kashi na 4: uwa da yaro suna hira, yaron yana ba ta dariya, sai makasa suka shigo. Mu mutanen Ƙonni da Malbaza da Illela, in muka nemi kakanninmu a cikin wasan nan, a wannan fitowa za mu same su. Littattafai sun riƙe sunan Bule da Chanoine da Klobb da ranar mutuwar kowannensu, amma sunayen waɗanda suka mutu a Ƙonni a bakin tsofaffi suke.

Saboda haka, ƴan'uwana malamai, in kuka koyar da irin wannan wasa, ku yi wa taurarin tambayoyin nan uku, sa'an nan ku ƙara ta huɗu: wa aka kashe ba a ji ta bakinsa ba? Ku kuma ɗalibai da kuka iya rubutu yanzu, ku je wurin tsofaffin gidanku da alƙalami da takarda, ku rubuta abin da suka ji daga kakanninsu, da sunan mutum da sunan gari. Dattijon da na faɗa muku ya fara nasa. Ya cika shafi biyu, kuma sunan kakarsa ne kalmar farko da ya rubuta.