Jakar Maharbi: Me Ya Sa Ba a Zuba Albarushi a Cikinta?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan bindiga ranar hawan sallah ya san abin da ke biyo bayan ƙarar. Farin hayaƙi ya turnuƙe, yara su watse, shi kuwa mai bindiga ya dasa gindinta a ƙasa ya kai hannu kwiɓinsa. Na yi shekaru ina kallon bindigar, ban taɓa kula da inda hannun nan yake zuwa ba. Sai da na soma digiri na biyu a kimiyyar sinadarai, na zauna karanta yadda albarushi ke ƙonewa, sannan na gane ashe rabin bindigar a rataye yake a kafaɗar mutumin.

Ga abin da nake nufi. Harsashin zamani ya haɗa komai wuri guda: dalma, gari, abin kunna wuta, da kwanson tagulla da ya rufe su. Bindigar da ake ɗurawa ta baki, irin wadda muke kira adaka ko bindigar toka, ba ta san wannan gata ba. Kowane abu daban ake ɗauko shi, a saka shi bi da bi, sau da yawa a tsaye cikin daji, hannu na rawa. Jakar da ke riƙe waɗannan tarkace ita ce harsashin, sai dai a warwatse. Inda aka fi tace fasalinta kuma aka fi rubuta tarihinta shi ne gabashin Amurka, daga ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19, don haka can za mu leƙa.

A farkon shekarun 1700 maƙeran bindiga 'yan asalin Jamus suka zauna a yankin Lankasta na Fensilbaniya. Sun zo da fasahar bindigar farautar ƙasarsu, wadda ake yanka wa zane mai murɗiya a cikin bututu don dalma ta fita tana juyawa kamar katantanwa, ta tafi saiti. A sabuwar ƙasar sai suka tsawaita bututun har ya kai mita guda ko fiye, suka rage faɗin bakinsa, saboda dalma da gari suna da tsada, kuma a baya ake ɗaukarsu. Ita ce daga baya aka laƙaba wa sunan bindigar Kentaki, ko da yake ba can aka haife ta ba.

To amma zanen nan ya zo da matsala. In dalma ta cika bututu tsam, tura ta ƙasa sai da duka. In ta yi sako-sako, zanen ba zai kama ta ba. Mafitar ita ce a yi ƙwallon dalma ya ɗan gaza bakin bindiga, a naɗe shi da ƙyallen lilin ko siririyar fata da aka shafa wa kitse. Ƙyallen ne ke shiga zanen ya juya dalmar, ya kuma toshe iskar da za ta sulale ta gefe. Ka ga ke nan maharbi yana bukatar ƙyalle, da kitse, da 'yar wuƙar yanke ƙyallen a bakin bututu. Sojan turawa mai bindiga marar zane, wanda ake naɗe masa gari da dalma cikin takarda, yakan yi harbi kamar uku a minti guda. Mai doguwar bindiga da ƙyar ya wuce ɗaya. Duk daƙiƙar da ya ɓata yana lalube a jaka, barewa ta yi nisa, ko kuma abokin gaba ya matso. Maharban Daniel Morgan da suka yi suna a yaƙin Saratoga a 1777 da wannan lissafi suka rayu.

Shi ya sa jakar ƙarama ce. Yawancin waɗanda suka saura faɗinsu bai fi santimita 20 da 'yan kai ba, da marfi mai saukowa ya rufe baki, da maratayi da ke tsallake kafaɗa. Akan rataye ta sama-sama, dab da gwiwar hannu, yadda za a danne ta in ana gudu kuma ba za ta sarƙe a reshe ba. A ciki akwai ƙwallayen dalma, ƙyallaye, duwatsun ƙanƙara na ko-ta-kwana, ɗan ƙarfen kwance ƙusa, da wani murɗaɗɗen ƙarfe da ake ɗaura wa sandar ɗuri don goge bututu. A jikin maratayi kuma akan ɗaure ma'aunin gari da tsinken share 'yar kafar da wuta ke bi. Abinci, taba da sauran kayan tafiya wata jaka ce daban.

Dutsen ƙanƙarar nan ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, don da yawa muna ɗauka shi ne ke ba da wuta. A'a. Dutsen ya fi ƙarfe tauri, to in ya sare shi sai ya kankaro ƙananan ɓarɓashi, zafin gogayya ya sa su kama da wuta a iska. Tartsatsin da kake gani ƙarfe ne ke ci, daidai da ƙyastun kakanninmu. Bakin dutsen yana dakushewa bayan 'yan gomiyoyin harbi, dole a sake. Garin Brandon na Ingila ya shahara da sana'ar fasa waɗannan duwatsu, haka ma wasu yankunan Faransa, kuma daga can ake jigilarsu har dazukan Amurka.

Yanzu ga tambayar da na sa a take. An lissafa komai, ina albarushi? Ba ya cikin jakar. A ƙahon sa yake, an toshe gindinsa da katako, an rataye shi a saman jakar. Dalili na farko danshi ne. Albarushi haɗin abu uku ne: gishirin potasiyam naitiret, gawayi da farar wuta. Gishirin yana narkewa a ruwa, gawayi kuma yana zuƙar laima. Fata tana numfashi, tana shan raɓa da gumin mai ita. Ƙaho kuwa keratin ne, irin sinadarin farcenka, ruwa ba ya ratsa shi, kuma in an kankare shi ya yi siriri kana iya ɗaga shi a rana ka ga yawan garin da ya rage. Dalili na biyu wuta ce. A cikin jaka akwai dutse, akwai ƙarfe, suna gogar juna duk takun da ka yi. Ƙaho ba ya tartsatsi.

Ma'aunin da na ambata ma ba don auna gari kawai aka yi shi ba. Bayan harbi, wani lokaci ɗan garwashin ƙyalle yakan maƙale a cikin bututu. Wanda ya kafa bakin ƙaho kai tsaye a bakin bindiga, in garin ya kama, wutar za ta bi shi ta koma cikin ƙahon da ke hannunsa, dab da fuskarsa. In ma'auni ya zuba, abin da zai tashi na harbi ɗaya ne kawai. Wani ɗan guntun ƙahon barewa da ke reto a igiya shi ne tsakanin mutum da rasa yatsunsa. Ni a ganina, a duk kayan jakar babu wanda ya kai shi hikima.

Akwai kuma dauɗa. Fiye da rabin abin da albarushi ke bari bayan ya ƙone ba iska ba ne, daskararren abu ne. Shi ne farin hayaƙin nan, shi ne kuma baƙar tokar da ke like wa bututu. Tokar tana jan ruwa daga iska ta cinye ƙarfe, kuma bayan 'yan harbe-harbe takan matse hanya har dalma ta ƙi sauka. Don haka kayan goge-goge suka samu gurbi a jakar da ba ta da wurin ɓatawa.

Fatar fa? 'Yan asalin ƙasar suna jeme fatar barewa da ƙwaƙwalwar dabbar, su turara ta da hayaƙi, ta fito da laushi kamar tufa. Tana da daɗin ɗinki, amma tana miƙewa, tana kuma shan ruwa. Turawan ƙauye sun fi jeme fatar sa ko ta maraƙi da ɓawon itace. Sinadarin tanin da ke cikin ɓawon yana kama zaren kolajin na fata ya hana ta ruɓa, ta yi ƙwari ta tsaya da bakinta buɗe, hannu ya shiga ya fita ba tare da an duba ba. Wannan aikin dai shi bagaruwa ke yi a majemar Kano da Sakkwato. Hatta baƙin rini iri ɗaya ne: tsatsar ƙarfe in ta haɗu da tanin sai fata ta yi baƙi, abin da dukawanmu suka daɗe da sani. Ƙwarin yana da muhimmanci saboda nauyi. Ƙwallon dalma na bindiga mai faɗin baki rabin inci yana kai giram 11 da ɗoriya, wato guda 40 sun doshi rabin kilo, duk sun taru a gindin jaka suna jan ɗinki.

Dalma tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Selshiyos, wutar icce ma ta isa. Saboda haka mai doguwar tafiya yakan riƙe ɗan abin zubi ya yi ƙwallayensa da dare. Meriwether Lewis, wanda shi da William Clark suka ratsa yammacin Amurka daga 1804 zuwa 1806, ya yi wata dabara da har yau take burge ni. Ya sa aka ƙera masa gwangwanaye na dalma zalla, kowanne nauyin fam 8, a zuba garin fam 4 a toshe. Ruwa ba ya shiga ko kwalekwale ya kife. In gari ya ƙare, sai a narka gwangwanin ya zama harsasai.

Abin da ya kashe jakar ba wata jaka ba ce, sinadari ne. A 1807 wani limamin coci ɗan Sikotlan, Alexander Forsyth, ya yi rajistar hanyar kunna bindiga da sinadarin da ke fashewa in an buge shi. Daga nan aka samu 'yar hular tagulla, dutse ya fita daga jaka. A 1849 Claude-Étienne Minié na Faransa ya fito da dalma mai rami a gindi, wadda ke buɗewa ta kama zane da kanta, ƙyalle ya zama ba dole ba. Bayan yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 harsashi mai kwanso ya mamaye kasuwa, ƙaho ma ya bi sahu. Sai a duwatsun Apalachiya, inda talauci ya sa mutane suka riƙe tsoffin bindigoginsu, jakar ta ƙara jan kwana.

A can yanzu abin sha'awa ce. Akwai ƙungiyar masu harbi da irin wannan bindiga da aka kafa a 1933, suna taruwa a garin Friendship na jihar Indiyana, kuma masu ɗinka jakar da hannu suna da kasuwa. Mai saye yakan duba abubuwan da maharbin 1780 zai duba: jimar itace ce, ɗinkin gindi zai ɗauki dalma, marfi yana rufewa da nauyinsa, hannu ɗaya yana shiga? Sabon shiga ne ke sayen ƙatuwa mai aljihu biyar, ya cika ta, ya rasa abin da yake nema.

Mu a nan ba sha'awa ce ta riƙe bindigar ba. Yarjejeniyar Burasels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani yawancin Afirka, ta bar mai dutse marar zane da garin kasuwa. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ma ta ware wa masu ɗuri ta baki rukuninsu da lasisinsu. Tamu ba ta da zane, don haka kayan burgamin mafarauci sun ɗan bambanta, amma matsalar danshi da ta tartsatsi ɗaya ce.

Gidajen tarihi cike suke da bindigogi, jakunkuna kuwa kaɗan ne, musamman na ƙarni na 18. Fata tana ruɓewa, gara na ci, magada kuma sukan adana ƙarfe su yar da tsumma. In akwai tsohon burgamin kaka a rataye a zaurenku, a ɗauki hotonsa, a rubuta abin da ke ciki tun masu sanin sunayen suna raye. Amma a yi hattara da ƙahon ko kwalbar da ke tare da shi. Albarushin da bai jiƙe ba yakan yi shekaru aru-aru da ƙarfinsa, kada a kusanto da shi wuta, kada kuma a bar shi inda yara za su kai hannu.