Farin Jinin Shugaba: Darasi Daga Tarihin Amurka

Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Idan muka waiwayi mulkin Shugaba George Bush babba na Amurka, za mu ga gaskiyar wannan magana.

A farkon watan Maris na 1991, bayan an kori sojojin Iraƙi daga Kuwaiti, cibiyar Gallup mai jin ra'ayin jama'a ta gano cewa kashi 89 cikin ɗari na Amurkawa sun gamsu da aikinsa. Amma da ƙurar yaƙi ta lafa, hankalin mutane ya koma kan tukunyar gida. Rashin aikin yi ya haura kashi 7 cikin ɗari, ga kuma ƙarin harajin da ya amince da shi a 1990, alhali ya yi alkawarin ba zai ƙara ba. Zuwa farkon Agustan 1992, masu gamsuwa da shi sun ragu zuwa kashi 29. A watan Nuwamba, Bill Clinton ya kayar da shi zaɓe.

Saboda haka, mu da muke zaɓen shugabanni, mu auna su da cika alkawari da halin da talaka yake ciki, domin tafin ranar nasara ba ya daɗewa. Allah Ya ba mu shugabanni nagari.